Malam Habibu, wanda ya hana ni rubuta "babu canji"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina saka takalmi zan fita aiki da safen nan aka kira ni daga Sheme, wai Malam Habibu ya rasu.

Har yanzu ban fita ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon malamin lissafi ne. Bayan ya yi ritaya muka yi aikin tattara bayanan manoma tare a Kankara, Faskari da Sabuwa.

Aikina shi ne in cire abin da kowane gida ya noma bara daga na bana, in zuba a manhajar lissafi mai suna R. Matsakaicin ya fito dab da sifili. Na rubuta "babu canji" a rahoto, ina murna na gama da wuri.

Malam ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Mustafa, in wani gida ya ƙaru da buhu biyar, wani ya rasa biyar, mi za ka gani?"

Na ce sifili, Malam.

"To shi wanda ya rasa, sifilin zai ba iyalinshi su ci?"

Ranar ya koya mini raba lambobin kashi biyu: na sama da sifili gefe guda, na ƙasa da sifili gefe guda, kowanne da zanensa. Sau uku ina ɓata umarnin da nake rubuta wa kwamfutar, tana ƙi. Bai ƙosa ba. Gyaɗa ma ya ciro daga aljihu ya zuba mini a kan tebur, ya ce in sake.

Da zanen ya fito, ɓangaren ragin ya yi doguwar jela, wato akwai gidajen da suka yi babbar asara. Akasarinsu ƙauyukan Sabuwa ne da mutane suka kasa zuwa gonakinsu na nesa. Saboda zanen nan aka fara kai musu irin shuka.

Ga abin da ke cina. Ranar da na gabatar da rahoton, shugabanmu ya miƙe ya yaba mini, aka tafa. Malam na zaune a layin baya, shi ma yana tafawa. Ban ambaci sunansa ba. Na so in faɗa, yabon ya yi mini daɗi, na yi shiru.

Bai taɓa tayar da maganar ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Kankara ce, yana jiran mota, ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka buga mini zanen nan namu a takarda, ina so in nuna wa mutanen gida. Ka biyo Sheme mu ci tuwo."

Namu ya ce, alhali nasa ne.

Na ce bayan Sallah, in sha Allahu. Sau biyu na ratsa Sheme a kan babur ban tsaya ba, wai ina sauri.

To yau ina faɗa a gaban kowa: dabarar ta Malam Habibu ce. Ni dannawa kawai na yi.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yaran haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In da hali ku haɗa da ni, Allah Ya yafe mini haƙƙinsa.