Lemun Tsamin Gidanmu

Shekarun baya, lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa Zariya ba, ni ne mai yi wa yara lambar agana a Tudun Wada. Wani likita Bature ya koya mini: a ɗan karci dantsen yaro, a ɗiga magani, a bari ya bushe. Bayan kwana takwas a dawo a duba. In ƙurji ya taso, lamba ta kama, agana ta yi sallama da wannan yaro.

Aikin nan ya raba ni da mutane. Abokina da muke cin tuwo kwano ɗaya ya fara cewa ya ƙoshi. In na doso layi sai in ji ana jan yara cikin gida, kamar an ga kura. Matata ta rasu wajen haihuwa, saboda haka gidan daga ni sai mahaifiyata sai 'yata mai shekara huɗu. Wallahi kaɗaici ya ci ni.

Abin da ya fi damuna, lambar ba ta kamawa a unguwarmu. Likita ya ce zafi ne ke kashe maganin. Ni kuwa na ɗaura ɗamarar bincike, ina jin kaina wani ƙaramin likita. Na naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye ta gindin randa, na koma fita da sassafe, na sake wuƙa. Duk a banza. 'Yata ma sau biyu ina yi mata, dantsen ya warke sumul.

Abu ɗaya ke sanyaya mini rai. Duk ranar da na yi lamba, sai tsofaffin unguwa su yi ta sallama gidanmu, suna roƙon lemun tsami a bishiyarmu. Ni da ba a kulawa, har rawar jiki nake. Da hannuna nake kaɗo musu, in cika musu gefen zane, in ce, “Iya, in bai isa ba a dawo.”

Muna jiran sabon magani ya iso a jirgin ƙasa, agana ta shigo unguwa. Ta ɗauki yara da yawa. 'Yata ta yi kwana tara tana fama, ta cika.

Bayan addu'ar bakwai, ina zaune gindin bishiyar, mahaifiyata ta zo ta zauna a ƙasa. Ba ta kiran sunana don ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai, akwai abin da zan faɗa maka. Ni na goge mata.”

Na ce, “Inna, goge me?”

Ta ce, “Lambar. Da lemo, duka biyun, kana fita. Kowa haka yake yi. An ce maganin na hana haihuwa, ita kaɗai gare ka, na ji tsoro.”

Ban yi mata faɗa ba. Son yarinyar ne ya sa ta, kuma ni na tsinko lemon. Wata da watanni ina tuhumar rana da kwalba da wuƙa, ban taɓa zama na tambayi mace ɗaya abin da take tsoro ba, har wadda muke kwana gida ɗaya.

Daga nan na sake salo. In na yi wa yaro lamba, sai in zauna a zauren gidan, yaron na gabana, har maganin ya bushe ƙayau, ina ba kakarsa labarin 'yata. Wasu su ce na cika naci. Lamba ta fara kamawa, likita ya yaba mini, ni kuwa ban ji daɗin yabon ba.

Har yau in na ga babban mutum da tabon lamba a dantse, ina jin sanyi da zafi lokaci guda. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Bishiyar tana nan, ban sare ta ba. Duk shekara lemo na nuna ya zube ƙasa, ba mai sallama ya roƙa, ni ne nake sharewa.