Kawu Ƙusa da Teburansa Masu Gangare

Kawuna kafinta ne. Kawu Ƙusa ake ce masa, don da wuya ka gan shi babu ƙusa biyu ko uku a gefen bakinsa, ta tsakaninsu yake gaisuwa, ta nan yake faɗa. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a makarantar da nake koyarwa, kuma duk teburin da ke cikin azuzuwanmu daga hannunsa ya fito. Teburansa masu gangare ne: can gaba tudu, wajen ƙirjin yaro kwari, da siririn katako a baki mai tare littafi. Ya ce haka ake yi wa bayan yaro adalci.

Da aka ce za a kawo wa ɗalibai na'urar karatu, sai aka kafa kwamiti ya zaɓa: ko laftof mai murfi da madannai, ko tablet, wato allon nan da ake shafawa da yatsa. Ni ce mai rubuta bayanan taro. Kawu ko a jikinsa, shi da wayarsa ma sai an duba masa wanda ya kira. Sai ranar da na yi suɓul da baka na ce masa laftof ba ta zama a kan gangare, in ita aka zaɓa za a kwashe teburansa a kawo shimfiɗaɗɗu na roba.

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba.

"Ɗayar fa, 'yar nan?"

"Ita kam za ta kwanta daidai, Kawu, kamar littafi."

Washegari aka wayi gari Kawu ya fi kowa sanin amfanin tablet. Ya tare malamin lissafi a bakin ofis ya ce masa duk abin da ke da murfi munafuki ne, yaro zai ɓuya a bayansa ya yi barci. Ya gaya wa shugabar makaranta cewa ƙarar madannai arba'in a aji ɗaya sai ta kurmantar da malami kafin hutu. Da ta tambaye shi ko ya taɓa riƙe tablet, ya ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa hawa jirgin sama ba, amma na san yana tashi." Kunya ta kama ni, dariya kuma ta hana ni tsawata masa.

Duk da haka kwamiti ya zaɓi laftof, saboda manyan ɗalibai za su riƙa dogon rubutu. Gaskiya suka bi, kuma da hannuna na rubuta hukuncin. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da aka tashi daga makaranta na sami Kawu a aji na uku, ya kifar da tebur ɗaya, ƙafafu a sama, yana awo. Ya riga ya roƙi shugaba ta ba shi mako guda. Dabararsa ita ce ya rage tsawon ƙafafun gaba, tudun ya sauko, saman ya daidaita.

Ya ɗora zarto a kan ƙafar farko, ya daɗe bai ja ba.

"Wannan na yi shi shekarar da aka haife ki," in ji shi. "Juya ki ba ni baya."

Na juya. Ina jin zarton yana tafiya a hankali, har guntun ya faɗi ƙasa.

Kwana shida ya yi yana yanka. Ranar Litinin aka jera laftof, kowace ta zauna daram. Teburan kuwa duk sun karkata gaba, kamar tsofaffi a layin asibiti, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Shugaba ta girgiza ɗaya da ƙarfi, bai motsa ba. Ta ce a bar su.

Kawu yana tsaye a bakin taga. Na matsa na ce masa, "Ka ci nasara, Kawu. Amma fa sun yi muni."

"Na sani," ya ce, idonsa a kan teburan. "Ni ma ai ba a sunkuye haka na zo makarantar nan ba. Ki dai bar mu a cikin aji."