Ragowar Baba

Jiya murfin langa ya suɓuce mini a tsakar gida, ya faɗi a siminti yana ta juyi yana ƙara kafin ya kwanta. Duk wanda ya tashi a gidan da ake zuba tuwo a langa ya san wannan ƙara. A lokacin ƙanwar mijina tana zaune a bakin ƙofa da takardar neman tallafin karatu a hannunta, ta kai wurin da aka ce mutum ya zaɓi matsayin gidansu: masu hali, matsakaita, ko masu ƙaramin ƙarfi. Ta ɗago ta ce, "Anti, mu wanne ne?"

Na taɓa yin wannan tambayar, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ni dai ban yi ta a tsakar gida kaɗai ba, shi ya sa ta zama magana.

Gidanmu a Azare gabansa siminti ne, bayansa jar ƙasa. In ka biyo ta layi za ka ga shafe da fenti ruwan ƙwai da ƙofar ƙarfe, in ka zagaya ta lungu za ka ga katangar da ake yi wa yaɓe duk shekara. Baba akawu ne a sakatariya, yana da babur wanda sai an tura shi da safe. Muna da talabijin, ba mu da janareta. Muna da gona a wajen Gamawa wadda Baffa yake nomawa a raba. Da babbar salla muna yanka rago, amma irin wanda in an ɗaure shi a ƙofar gida yara ba sa tsayawa kallo. Mu biyar ne a ɗakin Inna, ni ce babba, sai Dada, kakata ta wajen uba, a ɗakin kusa da rijiya. Ban taɓa kwana da yunwa ba, ban kuma taɓa cewa a ƙara mini nama an ƙara ba. Haka muke, kuma haka kusan kowa yake a layinmu.

A wancan zamanin, shekarun dubu biyu da 'yan kai, wayar hannu ta fara shigowa amma ciyayya ba ta mutu ba. Da an sallame sallar magariba magidantan layi za su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a tsakiya a ci tare. Akwai mai unguwa, akwai tela, akwai malamin firamare, akwai Baba, sai wani Alhaji mai shagon atamfa wanda shi kaɗai ne abincinsa yake zuwa a babbar kula. Ƙannena maza ba su isa ɗaukar abu mai zafi ba, don haka ni nake kai langarmu, fara mai jan baki, in durƙusa in ajiye, in an gama in koma in ɗauko. Abin da ya rage a ciki shi muke kira ragowar Baba, mu yara muke cinye shi.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Geron Gamawa bai yi ido ba, abin da Baffa ya kawo ko rabin na bara bai kai ba. Kafin damina ta gaba ta yi nisa hatsi ya yi tsadar da manya suke cewa ba su taɓa gani ba, albashi kuwa yana inda yake. Kokon safe ya tsinke. Abincin rana ya koma garin kwaki, wanda nake sayowa wurin wata 'yar kudu a bakin kasuwa. Matar nan ta daɗe a Azare har Hausarta ta fi ta wasu, ba tare da na roƙa ba take ninka mini baƙar leda biyu, ta ce, "Sa cikin hijabi, 'yata." Tuwon dare kuwa Inna ta rage tukunya. Amma langar ciyayya ba a taɓa ta ba. Malmala uku, kamar kullum, da miya har da ɗan man shanu a kai in an samu. Mu a ciki a raba mana abin da ya saura, ana kankare gindin tukunya.

Abin yana ci mini rai. Ina ɗauke da langar nan ƙamshi yana dukan hancina, ina lissafa ƙatti biyar da za su zauna su cinye abincinmu.

Ana cikin haka wasu masu hali na gari suka haɗa hatsi, aka ce kowane mai unguwa ya rubuta sunayen masu ƙaramin ƙarfi. Ina tsaye a ƙofar gida na ga namu ya fito da littafi da biro. Ya tsaya gidan wata bazawara mai marayu. Ya tsaya gidan mai ga-ruwa. Ya zo daidai ƙofarmu ya ɗaga wa Baba hannu, suka gaisa, ya wuce.

Na shiga na sami Inna tana tankaɗe.

"Inna, mu masu kuɗi ne?"

"Kin ga alama?"

"To talakawa ne mu?"

"Ke, kama bakinki."

Dada tana gefe tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mu masu rufin asiri ne."

Na ce, "Rufin asirin ana zuba masa miya?"

Inna ta jefo mini mara, ta same ni a kafaɗa. Ni kuwa ba a barina da rabin amsa.

Da magariba na ɗauki langa na fita. Na durƙusa na ajiye, maimakon in tashi sai na cire murfin na riƙe a hannu. Na ce, "Baba mai unguwa, an tsallake gidanmu a rubutu. Tuwon nan da kuke gani rabin tukunyarmu ne. Rumbunmu babu komai, garin kwaki muke sha da rana. In za a rubuta a rubuta mu."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, har yau ina kan wannan. Amma ba wanda ya miƙa hannu ga langar. Tela ya sunkuyar da kai yana kallon kwanonsa kamar shi na kira. Malamin firamare ya shiga gyaran hula. Mai unguwa, wanda tun ina ƙarama yake tsokanata da amaryarsa, ya yi 'yar dariya ya ce, "Yau amarya da faɗa ta fito." Ba wanda ya taya shi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mayar da murfin. Wuce gida."

Garin mayarwa murfin ya kuɓuce mini ya faɗi a dakalin siminti, yana juyi yana ƙara, kowa yana jira ya kwanta.

Na zaci duka zan sha. Ba a dake ni ba. Washegari da hantsi mai unguwa ya yi sallama a zaure, ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce, "Malam, in akwai bukata, layi ɗaya ne a littafi, ba wanda zai gani." Baba ya ce, "Na gode. A ba waɗanda suka fi ni." Da magariba kuma bai fita ciyayya ba. Sallar ma a wani masallaci can bayan layi ya yi ta, ya dawo ya zauna a zaure shi kaɗai. Inna ta kife langar a kan randa.

A raina na ce ko ba komai na ci riba, tunda yanzu tukunyar gaba ɗaya tamu ce. Aka raba malmala ukun nan a kanmu. Daren farko na ƙoshi da jin na yi daidai. Dare na biyu na lura cikina bai san an yi ƙari ba. A na uku autanmu ya ture kwano ya ce shi shinkafar Baba yake so, ya yi ta kuka har ya yi barci.

Da safe Dada ta kira ni in taya ta tsinkar zogale. Muna cikin tsinka, sai ta ce, "Tun da damina ta faɗi, kin ga an dafa shinkafa a gidan nan?"

Na ce a'a.

"To wacce kuke ci kullum a langa, daga rijiya take fitowa?"

Wallahi ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Langa tana fita da tuwon dawa, ta dawo da shinkafa da wake, wani lokacin taliya, wani lokacin har da tsoka ɗaya ko biyu a ƙasa, kuma ta dawo da nauyin da ya fi wanda ta fita da shi. Ni a ganina manya ne suke cakuɗa kwanuka.

Dada ta ce, "Alhaji tun farkon tsadar nan ya ce likita ya hana shi shinkafa, tuwon gidajenku yake so. Kin taɓa ganin mai ciwo da wannan wuya? Sauran kuwa loma bibbiyu suke yi su ce sun ƙoshi, ya juye kularsa a kwanukansu. Wanda ya kawo nasa, in ya koma da abu, ragowa ya ɗauko. Wanda bai kawo ba, in aka ba shi, sadaka aka ba shi. Ubanki yana kawowa."

Na ce, "To ai duk sun sani ke nan. Me na faɗa wanda ba su sani ba?"

"Sun sani. Ba su ji ba." Ta watsa ganye a faranti. "Kuma ba gidan nan kaɗai kika buɗe ba. Tela ma kwana biyu bai fito ba, shi da yake da 'ya'ya bakwai."

Na so in yi musu, don ina da abin cewa. In ana jin yunwa a ce ana ji mana, a rubuta suna a karɓi hatsi. Amma na san abin da littafin nan yake nufi a layinmu. Wanda aka rubuta, ba a zuwa gidansa in ana haɗa gudummawar gyaran masallaci, ba a sa shi gaba in za a je neman aure, in ana shawara yana zaune ne a bakin tabarma. Ba a wulaƙanta shi, tausayinsa ake ji. Baba zai iya jure garin kwaki shekara guda, wannan ne ba zai iya ba.

A kwana na shida Dada ta tashi da kanta ta ɗauko langar daga kan randa, ta ɗauraye, ta miƙa wa Inna. "Malmala uku." Ta ɗora murfi, ta danna shi da tafin hannu, ta kalle ni. "Ke kika buɗe, ke za ki kai."

Muka biyo ta zaure, ni a gaba ita a baya. Baba yana zaune a buzu. Dada ta ce masa, "Langarka ta fita. Ko ka bi ta, ko ta zauna a tabarmar mutane ba mai ita." Ta juya ta koma ciki, ba ta jira amsarsa ba.

Tsakanin ƙofarmu da ta mai unguwa gida huɗu ne, ranar sai na ga kamar Katagum zan je a ƙasa. Mutum uku na tarar. Na durƙusa na ajiye, na ce, "Ina wuni," na bar murfi inda yake.

Mai unguwa ya ce, "Amarya ta huce?"

Na ce, "Na huce."

Alhaji ya jawo langar gabansa ya ce, "Yauwa. Kwana shida shinkafa tana neman kashe ni. Ina Malam ɗin? Ko sai na ci na bar masa kwano?"

Ban juya ba, amma na ji takun takalmin Baba a bayana. Malamin firamare ya matsa ya ba shi wurinsa na kullum. Ba wanda ya ce masa kwana biyu, ba wanda ya tambayi inda ya shiga. Mai unguwa ya leƙa layi ya ƙwala wa tela kira, ya ce tuwo yana hucewa.

Da na koma ɗauko langar, da hannu biyu na riƙe ta. Shinkafa da wake ce, da mai da yaji. Muka zauna mu biyar muka cinye. Ban ce komai ba, kuma a wurina wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Haka aka yi ta yi har sabon gero ya shigo.

Dada ta rasu ina aji biyar a sakandare. Mai unguwa ma ya rasu. Layin yana nan, an shafe bayan gidajen da siminti, an sa manyan ƙofofi, kowa yana cin abincinsa a ciki gaban talabijin. Yanzu ba ka sanin tukunyar maƙwabcinka, shi ma bai san taka ba, kuma in ka tashi taimakonsa ba wata tabarma da za ka bi ta kanta, sai dai ka miƙa masa a hannu yana kallonka.

Na ce wa ƙanwar mijina ta zaɓi na tsakiya. Ta ce ta yaya na sani. Na ce muna da abin da za mu fitar, kuma muna bukatar abin da zai dawo. Ta kalle ni kamar na yi mata Fulatanci, ta sa alama ta wuce layi na gaba.

Na ɗauki murfin na wanke. Dama shinkafa na zuba a langar. Matar da take haya a ɗakin bayanmu, mijinta ya kwana biyu ba aiki, kuma katangar ba ta da kauri, ina jin yaranta. Na rufe na kai mata da kaina, na ce don Allah ta juye ta sammini tuwonta ko malmala ɗaya ce, tun da na samu cikin nan ko warin shinkafa ba na so.

Ta kalli langar, ta kalle ni. Ta ce, "Haka wani cikin yake."