Ƙeyar Nea Lambi

Haralambie Vârtosu sunansa, amma a unguwarmu ta Craiova kowa Nea Lambi, wato Kawu Lambi, yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Fiye da shekara arba'in yana aski a wani ɗan shago a ƙasan benenmu, kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da rediyon da ba ya kama komai sai wasan ƙwallo. Ni Titi, tsohon direban bas, sanƙo ya gama da ni tun ina ɗan talatin, amma kullum ina shagon, don bencin jiransa ya fi kujerar gidana daɗi, kuma ba mai aikena a can.

Abu biyu yake cika baki da su. Na farko, ƙafarsa ba ta taɓa taka mol ɗin nan, katafaren ginin shaguna, da aka gina a filin tsohuwar masana'anta ba, inda a cewarsa yara masu injin aski ke sassabe kan mutane su karɓi kuɗin likita. Na biyu, tun da amininsa Fănică, wanda shi ma mai aski ne, ya rasu, ba wani hannu da ya sake taɓa masa kai. Su masu askin zamanin da haka suke yi: ranar Litinin, da an rufe shago, wannan ya yi wa wancan, wancan ya yi wa wannan, a kora da ɗan kofin barasar țuică, ba maganar biya. Da Fănică ya tafi, sai Nea Lambi ya ce shi zai riƙa yi wa kansa da madubi biyu. Litinin ɗin farkon wata yakan ja labule ya kulle ƙofa, Talata ya fito da ƙeya tsaf kamar an ja ta da zare. Mutane har daga wasu unguwanni suke zuwa su zauna a kujerarsa saboda wannan labari. Ba shi da mota, ba shi da gona. Sunan nan shi ne dukiyarsa.

Kuɗin gida kuwa a hannun matarsa Tanti Aurica suke. Kowace yamma takan sauko ta kwashe ciniki, kuma ko leu ɗaya na kuɗinmu ba ya ɓace mata. 'Yarsu Mirela, wadda ke aikin jinya a Torino, ita ta buɗe wa uban asusu ta yi masa katin banki saboda magani da larura, tana zuba kuɗi tana lura da shi ta wayarta. Mu dai a saninmu katin yana bayan hoton bikinsu yana barci.

Wata safiya Mirela ta kira uwarta hankali tashe. Ta ga ana cire kuɗi daga katin kowane wata, da sunan wani kamfani wai shi Zorvel Invest, kuma adireshin mol ɗin ne a jiki. Tanti Aurica ta amsa wayar ne a baranda, saboda haka kafin azahar duk benen ya sani.

Shago ya cika ranar. Wani ya ce an kwafi katin ne a kantin magani, wani ya ce daga ƙasar waje ake yi, wani ya ce surukinsa ma an taɓa yashe shi haka. A kan abu ɗaya kawai aka haɗu: ɓarawon bai san wanda ya taɓa ba, don da a ko'ina ya kashe kuɗin da sai a yi shakka, amma mol? Nea Lambi? Har dariya aka yi. Shi kuwa gogan ya fi kowa zagin ɓarayi, ya zage su har kakanninsu, yana yi yana share ƙasa inda ba gashi. Na san shi tun muna samari, ban taɓa ganin ya yi shara da rana tsaka ba.

Washegari Tanti Aurica ta tasa shi gaba zuwa banki, ni kuma na bi su, don ba na son a ba ni labari. Ma'aikaciyar ta saurare mu da haƙuri, ta ajiye takardar ƙorafi a gabansa, amma ta ce kada ya yi saurin sa hannu. Ta ce sau da yawa sunan da ke fitowa a bayanin kati na kamfanin ne mai rajista, ba wanda ke rubuce a ƙofar shago ba, shi ya sa mutum kan sayi abu da hannunsa ya dawo yana cewa an yi masa sata. Gara mu je teburin tambaya na mol mu ji shagon waye, mu duba ranakun, mu tambayi mutanen gida. Idan kuwa ya sa hannu cewa ba shi ba ne, za a toshe katin, a ƙwato kuɗin daga shagon, a nemi hotunan kyamara.

Alƙalamin yana hannunsa lokacin da ta ambaci kyamara. Ya dube shi, ya mayar masa da murfi, ya ce ai kuɗin ba su taka kara sun karya ba, a bar ɓarawon da Allah.

“Gumin 'yata ne,” in ji Tanti Aurica. “Tashi mu je mol ɗin.”

Ya ce ta san rantsuwarsa. Ta ce rantsuwar ta jira shi a bakin ƙofa, in ya fito ya ɗauki abarsa.

Ni ma ban taɓa shiga ba, don goyon bayansa da kuma tsadar wurin. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta na ja da baya, shi ko gezau. A teburin tambaya wata mata ta duba kwamfuta ta ce Zorvel Invest shago na ɗari biyu da wani abu ne, a hawa na biyu. Ba ta faɗi ta inda ake bi ba. Muka kai matakalar nan mai tafiya da kanta, na tsaya ina auna ƙafa kamar mai shirin tsallake kwata, sai na ji Nea Lambi ya kama gwiwar hannuna.

“Taka tsakiya, mai sanƙo, ka riƙe baƙar robar. In mun kai sama hagu za mu yi.”

Tanti Aurica tana matakala ɗaya a bayansa. Ƙeyarsa kawai take kallo har muka kai sama.

Shagon aski ne, mai fitilu da kiɗa da kujeru shida. Wata mata mai jan gashi, Ilinca sunanta a rubuce a ƙirjin rigarta, ta ɗago daga kan wani ta washe baki.

“A'a, Domnu' Haralambie, yau ai ba Litinin ba ce. Har ya tofo?”

Na so in yi dariya, na rantse na so. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa zaton zan ji wa mutumin da ya shekara talatin yana tsokanar kaina ba.

Ilinca ba ta san wainar da ake toyawa ba, ta ci gaba da yabonsa. Ta ce ba ta da mai zuwa kamarsa: yakan shigo da hula har kunne, ya yi mata faɗa a kan yadda take riƙe almakashi, sannan da ta fara wanke masa kai sai barci ya ɗauke shi. Farashin da ke manne a bango ya kusa ninka nasa sau uku.

A kan wani benci kusa da mai sayar da burodin covrigi ya yi mana bayani, idonsa a kan takalminsa. Ya gwada madubi biyun da gaske, sau ɗaya. Kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa ta kai baya, ya yanke kunne, ya zauna a shagon da tawul a wuya yana kewar Fănică. Amma ya riga ya faɗa wa unguwa zai iya. Shi ne yake jan labule ya fice ta ƙofar baya. Kuɗin hannu Aurica za ta gane, shi kuma a zatonsa kati ba ya magana, ka taɓa shi a jikin inji ya yi ƙara, shi ke nan magana ta mutu.

Na ɗauka a kan kuɗin za ta yi masa ruwan masifa. Ta daɗe tana juya jakarta a cinya.

“Ka tsallake gari ka kai wa baƙuwa kanka,” ta ce a hankali. “Ni da nake kwana kusa da kan nan, ba ni da hannu ne, Lambi?”

Ya ce ai ita ba ta iya ba.

“Ka taɓa tambayata?”

Da yamma Tanti Aurica ta kira Mirela ta ce an gano, ba sata ba ce, kada a toshe komai. Maƙwabta kuwa ta ce musu kuskuren suna ne, ta rufe baranda. Ni ma na kama bakina, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Da ya so, da maganar ta tsaya nan, sunansa na nan daram.

Litinin ɗin farkon wata labule ya sauka kamar kullum, sai dai wannan karon muryoyi biyu ake ji a ciki, ɗaya tana ba da umarni, ɗaya tana cewa ya yi mata shiru ya daina motsi. Talata ya buɗe shago ba hula. Ƙeyar ta karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bayan kunnen hagu kamar ɓera ya yi ɓarna. Bencin jira a cike yake. Mitică mai gyaran famfo ne ya fara, ya ce da alama ɗaya daga cikin madubin ya fara tsufa.

Yana iya cewa wuta ce aka ɗauke, ko kafaɗa ta motsa, kowa zai karɓa. Ya shafa ƙeyar da tafin hannu, ya juyo da ita wajen mutane don su gani da kyau.

“Ba ni na yi ba. Na jima ba na iyawa. Aurica ce, kuma duk wanda ya yi dariya ita zan kira ta yi masa nasa.”