Abin Kunnena a Cikin Ninkin Shadda

Aikina bugu ne. Tun ina saurayi nake zaune gaban gungume a wani gidan bugu da ke lungun bayan Kasuwar Kurmi. Ana shimfiɗa shadda mai sitati a kan gungumen, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da gudumar itace, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, har ta yi sheƙi. Wanda nake fuskanta taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tare muka tsufa a wurin.

Sai wata ƙara ta fara mini kamar kukan gyare a kunnen hagu. Na zuba man zaitun, na sha rubutu. Ba ta tafi ba, sai ma ta haura dama. Barci ya gagare ni. Idan liman yana karatu a sallar asuba, gyaren nake ji.

'Yata ce ta ja ni asibiti. Wata malama ta sa mini abu a kunnuwa, ta ce in ɗaga hannu idan na ji sauti. Daga baya ta miƙo wani ɗan abu bai kai ƙwallon dabino ba, ana maƙala shi a bayan kunne, yana da siririn bututu mai shiga ciki. Da ta kunna sai na ji shuu, kamar yayyafi a kan kwano.

Na ce, "Malama, ƙara na kawo, kin ƙaro mini wata."

Ta ce ba kashe ƙarar zai yi ba, raba mini hankali zai yi har kunne ya daina kula ta. Kada ruwa ya taɓa shi. A goge shi, a share bututun da ɗan burushi, a kwantar da shi cikin gwangwaninsa mai tsotse danshi. Sannan ta ce guduma ce ta jawo mini wannan, kuma in ban bar ta ba zai ƙaru. Da ta faɗi haka sai ta kalli 'yata. Na ga kallon. Na san an yi magana kafin in shigo.

Ban yarda da abin ba, amma na sa. Bayan ɗan lokaci na fara barci. Wannan ba zan musa ba. Na riƙa goge shi da ƙyallen da na yanko daga tsohon rawani. Kullum kafin alwala sai na cire, saboda shafar kunne. Guduma kuwa ban ajiye ba. Idan za a fara bugu in cire shi, idan an huta in mayar.

Taubashina ya samu abin yi. Ran farko da ya ga gwangwanin ya ce, "Kai, tsoho ya fara shaƙar taba. Miƙo batta mu ɗana."

Na ce, "Hancinka ya fi ƙarfin batta, sai masaki."

"To wannan na kunnen fa? Da Makka kake magana?"

"Da mahaifiyarka nake magana, tana cewa a turo ka gida ka yi wanka."

Haka muke tun muna yara. Taubashi ya zage ka, ya ɗauke maka hula, ba ka da bakin fushi. Amma na gaji da zancen batta, sai na daina zuwa da gwangwanin. Na koma ɓoye abin cikin hulata.

Wata rana na dawo gida na tarar da shi da 'yata a zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni suka katse maganar. Ya ce gaisuwa ya zo. Mutumin da muke yini tare, gaisuwar me?

Gab da babbar sallah aiki ya yi yawa, zafi kuma ya yi tsanani. Hulata ta jiƙe sharkaf da gumi, ba ta ajiyuwa. Da aka kira azahar sai na duba tarin shaddar da muka gama, na zura abin cikin ninkin wata ruwan toka, can ƙasa. A wurinmu abin da aka gama an gama, ba mai taɓa shi sai mai shi ya zo. Babu inda ya fi nan tsaro a ɗakin. Taubashina yana zaune lokacin da na sa. Ya ce zai biyo ni masallaci.

Bai biyo ni ba. Tun daga bakin lungu na jiyo guduma ɗaya tana sauka. Da na shiga, ruwan tokar ce a kan gungume.

Na ce, "Wa ya ce ka sake buga ta?"

Ya ce, "Ba ta yi sheƙi ba. Ta Alhaji ce, ka san halinsa."

Na warware ninkin. Abin ya zama gari, bututun ya manne da shaddar. Ya dafe kai yana salati. Ya rantse bai gani ba. Na dube shi, ya dube ni. Shaddar nan da hannuna na duba ta, ta yi sheƙi. Kuma akwai wasu a samanta, sai da ya ɗaga su kafin ya kai gare ta. Amma taubashi ne. A gaban wa zan kai ƙararsa? Duk wanda na gaya wa dariya zai yi, ya ce wasa ne ya yi tsami.

Gyaren ya dawo da ƙarfinsa. Barci ya sake ƙaura. Ana jibi sallah na ɓata kiɗan bugu, na sauke guduma lokacin da ba nawa ba, ta wuce yatsun taubashina da kaɗan. Bai yi mini tsiya ba ranar. 

'Yata ta ce za ta nemo wani abin kunnen, amma ba za ta kai shi ƙarƙashin guduma ba. Ko bugu, ko shi. Ta faɗa a tsaye, kamar wadda ta daɗe da shirya maganar.

Na zaɓi barci. Yanzu ina zaune a rumfar waje, nesa da gungume, ina karɓar kaya ina ninkewa, sabon abin a kunnena, gwangwaninsa a aljihu. Wani ne ke fuskantar taubashina. Idan an huta ya kan fito ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ina karɓa. Har yau ban tambaye shi ko da gangan ya yi ba, shi ma bai ce komai ba, kuma duk ranar da 'yata ta biyo ta lungun ina lura da yadda suke gaisawa.