Ranar da Aka Yi wa Gwangwanayena Tsirara

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunayen jikokina sai na kira uku kafin in dace da na huɗu. Amma ɓarnar da yayan mijina ya yi mini a rumfata, wannan kam da ita za a kai ni makwanci.

Jikata ce ta tayar mini da ita. Na je shagonta, na ga tana haska wata 'yar na'ura a kan baƙaƙen zane-zanen nan da ke jikin kwalin kaya. Abin ya yi ƙara, ɗit, ya faɗi kuɗin kayan. Ta ce mini kuma shi ke sanar da ita abin da ya ragu a sito da wanda ya kusa ƙarewa, ba sai ta rufe shago tana jidar kwalaye ba. Na ce, "Au! Aikin zanen ke nan?" Na yi dariya har da ƙwalla, yarinya ta zaci tsufa ne ya taɓa ni.

A lokacin da nake ba ku labari garin nan ma Abuja ake kiransa, ba a mai da shi Suleja ba. Kuɗi sun shigo ƙasa, kayan Turawa sun cika kasuwa. Na sayar da tasoshina na aure da gadon ƙarfena, na saro kayan gwangwani: madara, tumatir, wake, da wasu 'ya'yan itace cikin ruwan sukari. Rumfa ɗaya muke da yayan mijina, shi da shinkafarsa a dama, ni a hagu. Ban san ko harafi ɗaya ba, amma hoton da ke jikin takardar gwangwani ya ishe ni. Daga bakin ƙofa nake duban kanta in san tumatir ya yi ƙasa, madara za ta kai mako.

Sai aka kawo wani sabon zubi, kowane gwangwani da zanen nan a gefen takardarsa. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Wani mai wankin hula ya ce ai alama ce Turawa suka sa wa abin da aka zuba wa maganin hana haihuwa. Mai wankin hula fa! Mutumin da ko Minna bai taɓa zuwa ba. Yayan mijina ya ɗauko zancen da zafinsa.

"Amarya, kayan nan naki za su kore mana mutane. A cire takardun."

"Yaya, in ma akwai maganin, a takarda yake ko a cikin gwangwani?"

"Ke dai ba ki san duniya ba. In ba a ga zane ba, wa zai yi magana?"

Kun ji hankalin babban mutum, mai gemu har ƙirji. Na ce kada ya taɓa mini kaya, na tafi bikin suna a ƙauyen Gauraka.

Da na dawo washegari na tarar da baho biyu cike da jiƙaƙƙun takardu, gwangwanayena kuma an jera su reras, fari fat suna ƙyalli, duk tsayi ɗaya faɗi ɗaya. Har gauraya su ya yi, wai don jerin ya yi kyau. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran godiya.

Ban gama salati ba sai ga wata 'yar kudu mai sayar da shinkafa da miya a tasha, wadda kullum a wurina take saye. Ta dire gwangwani buɗaɗɗe a gabana.

"Mama, dubi abin da maigidanki ya ba ni jiya. Tumatir na ce! In zuba wannan a miya, direbobi su kashe ni?"

Na leƙa, 'ya'yan itace ne suna iyo cikin sukari. Na ce, "Madam, Allah ya tsare ni, wannan ba maigidana ba ne." Shi ko ya ɗauki wani gwangwanin ya kai kunne yana girgizawa, ya ce wannan tabbas tumatir ne. Aka fasa. Wake. Ta kwashe da dariya ta tsallaka rumfar da ke kallonmu, kuma daga ranar can ta koma da sayayya.

Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ce in yi haƙuri, yayansa ne. Na ce haƙuri ba zai dawo mini da tasoshina ba. Na sa aka loda gwangwanayen a amalanke, na bi bayanta da ƙafa har gaban surukata, uwarsu. Tsohuwa ta saurare mu duka biyu, ta juya gwangwani ɗaya a hannu, ta dubi ɗanta.

"Mene ne a ciki?"

Ya karɓa ya kai kunne yana girgizawa.

"To, kai da ka fiɗe su kai za ka ci su. Kekenka kuma a sayar a mayar wa yarinyar nan jarinta."

Keken nan mai ƙararrawa biyu, wanda yake gogewa da gefen rigarsa, a gabansa aka tura shi kasuwa. Jarina ya dawo, na kama rumfata ni kaɗai, na ɗaure makulli a bakin zanena. Shi kuma ya koma zuwa kasuwa a ƙafa, gidansa aka daɗe ana fasa gwangwani da addu'a, a nemi na miya a samu na shayi. Matarsa kuwa a shekarar ta haifi tagwaye.

Abin da na koya shi ne, kayan da ba ka iya faɗin mene ne su da kallo ɗaya, ba kaya kake da su ba, tarkace kake gadi. Kuma duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya ce a kankare, to ku fara raba hannunsa da dukiyarku, sannan ku je ku tambayi wanda ya sani.