Kwalaye Uku da Kawu Ya Sayo Mini a Kano

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da saƙon da na ba kawuna zuwa Kano ba. A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula ne, ina aiki a wani buro, wato ofis, a Gazawa, ni ne mai lallaɓa ordinatoci, wato kwamfutoci, idan sun ƙi tashi. Na yi rajistar jarrabawar ƙwarewa a kan rezo, wato haɗa ordinatoci su riƙa magana da juna, zan rubuta ta a Yamai bayan wata biyu. Littafi kam na haddace shi, amma hannuna bai taɓa na'urorin ba ko sau ɗaya. Sai na sayar da ayar da na noma a daminar nan don in haɗa ɗan wurin gwaji a ɗakina.

Tsofaffi nake nema: ruta biyu da siwic ɗaya, akwatunan ƙarfen da ke rarraba rezo, irin waɗanda manyan ma'aikatu suka gama mora suka tura gwanjo. Ga arha, kuma su ne ake rubuta wa umarni da hannu, yadda za a tambaya a jarrabawa. Na rubuta lambobinsu a takarda na ba Kawu, wanda fatauci ke kai shi Kano kullum.

Da ya dawo, a zaure ya sa aka kira ni, gaban abokansa. Kwalaye uku ne, sabbi fil.

"Ɗana, na ga waɗanda ka rubuta," in ji shi. "Duk tsatsa. Na ce ɗan ƙanwata ba ya karatu da kwance. Har ciko na yi ma."

Na durƙusa na yi godiya, ina kallon kwalayen. Hoton jikin kwalin kaɗai ya ishe ni: na gida ne, masu ƙahonin eriya, waɗanda da ka jona sun gama aikinsu, babu abin da za su koya maka. Na ɗora su kan kabad ko buɗewa ban yi ba. Kwana tara kunya ta hana ni magana, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Rana ta goma Kawu ya leƙo don ya ga yadda karatu ke tafiya, ya tarar da su a rufe.

"Mi ya faru?"

Kaina a ƙasa na ce, "Kawu, wanda zai koyi gyaran babur, sabo zai saya ko wanda zai riƙa kwancewa?"

Ya ɗauki kwali ɗaya ya jujjuya shi. Can ya ce, "To mi ya hana ka faɗi tun ran nan? Jarrabawar za ta ji kunyarka ne? Allah ya so ba ka yage kwalin ba. Shirya, gobe tare za mu."

A Kano mai shagon ya karɓi kayansa, ya fito da tsofaffin. Ana jonawa fitila ta kama, ni har na miƙa hannu zan ɗauka. Kawu ya riƙe ni. Bai san rezo ba, amma ya san sayen kwance. Ya ce a bar su su yi zafi, ya aika aka kawo shayi, yana kara kunne a jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu shanye, fankar ɗaya ta tsaya, ta mutu murus. Mai shago ya sosa ƙeya ya canza mana.

A makonnin da suka rage na yi ta ɓata tsarin na'urorin ina gyarawa, na je Yamai na ci jarrabawar da ƙyar, ba don na fi kowa ba. Abin da na koya shi ne, mai ƙaunarka ma yana iya sayo maka abin da ba shi kake bukata ba, kuma faɗa masa da ladabi ba raini ba ne. Saura kaɗan kunyata ta kayar da ni, alhali mutumin da nake ɓoye wa gaskiyar shi ne ya fi kowa iya gyara ta.